Baba Sabo Mahauci da Jijiyar Hantar Habu

Yau da hantsi aka kira ni daga Maigatari. Baba Sabo ya rasu.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Waɗanda suka san ni a nan sun san ba na yawan rubutu, kuma ban saba kawo abin da ke raina bainar jama'a ba. Yau zan saɓa wa ɗabi'ata, domin akwai maganar da ta kamata in faɗa wa wannan dattijo yana raye, ban faɗa ba.

Baba Sabo mahauci ne, abokin cinikin mahaifina, shi yake sayen awakin gidanmu a Gumel. A tsakiyar shekarun 1970, ina ɗalibin likitanci, duk hutun da na zo gida sai na hau mota ranar Alhamis na same shi a rumfarsa a kasuwar Maigatari. Ba cin nama ke kai ni ba, ko da yake ban taɓa tashi daga wurinsa da yunwa ba. Hanta nake zuwa dubawa. Idan ya feɗe rago ko akuya, sai ya ciro mini hantar da jijiyoyinta gaba ɗaya, bai tsinka ko ɗaya ba, ya ɗora a tire ya tura mini gefe.

Ɗan lakwal yake ce mini, yadda mutanen tsallaken iyaka suke kiran ɗan boko.

"Ɗan lakwal, mutane na zuwa cin hanta, kai ka zo kallo. Wannan boko naku akwai asarar nama."

Wata rana na zana masa a takarda yadda aka koya mana: babbar jijiyar jini ɗaya ce take tasowa daga wajen tumbi, ta nufi hanta, ta rabu biyu, reshe ɗaya ya shayar da ɓangaren dama, ɗaya ya shayar da na hagu. Ya goge hannunsa, ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo.

"Haka take a yawanci," in ji shi. "Amma ba kullum ba. Wata dabbar, idan na zo raba hanta da hanji, sai wuƙa ta ci karo da jijiya a inda ban sa rai ba. Reshen dama ya baro gidansu, ya biyo ta wajen hanji."

Alhamis biyu bayan haka ya ajiye mini irin wannan hanta, ya ƙi sayar da ita har na iso. Ya sa tsinin wuƙa ya bi jijiyar a hankali ina gani.

Na ce masa, "Baba, dabba daban, ɗan'adam daban."

Ya yi dariya har sai da maƙwabtansa suka juyo. "Wanda ya halicci akuyar shi ya halicce ka. Ko an ce maka littafi aka buɗe aka duba aka yi ka?"

Gaskiyar da ban sani ba a ranar ita ce, littafin ma ya ambaci abin da ya faɗa. Yana nan a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe. Na tsallake shi ne domin na ɗauka ba za a tambaya a jarrabawa ba.

A ƙarshen shekarun 1970 ɗin na gama karatu, na shiga sashen ɗaukar hoto na wani asibitin koyarwa. A lokacin aka fara gwada wata hanya ta maganin ciwon dajin hanta a wurinmu. Ana zura siririyar roba mai rami ta jijiyar matsematsi, a bi da ita har jijiyar hanta, a tura ruwan da ke fitowa a hoto domin a ga hanyoyin jini, sannan a riƙa tura magani ta nan kai tsaye zuwa ga ƙarin, wato tsiron da ciwon ya yi a hanta. Sabon abu ne, masu yinsa kaɗan ne, kuma ina alfahari ina cikinsu.

Sai ga Baba Sabo da ƙaninsa Habu.

Habu yana noma da kiwo a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Cikinsa ya kumbura ta dama, ya rame. An yi na gida an gaji. Baba Sabo ya rufe rumfarsa, ya ɗora shi a amalanke zuwa Gagarawa Tasha, suka hau jirgin ƙasa suka zo nemana. Bai taɓa barin kasuwa ta ci ba ya nan ba sai a wannan tafiya.

Da ya gan ni da farar riga bai ce ɗan lakwal ba. Ya ce, "Likita, ga ɗan'uwanka. Na kawo maka shi, ban kai wa kowa ba."

Bincike ya nuna ƙari ne a ɓangaren dama na hanta. Babban likitan da nake ƙarƙashinsa ya amince a yi masa wannan aiki, ya tafi hutu, ya bar mini. Na zura robar, na shiga jijiyar hanta ta inda littafi ya ce, na ɗauki hoto. Ɓangaren hagu ya fito fes. Na dama bai fito ba.

A nan ya kamata in tsaya.

Na gaya wa kaina cewa ƙarin ne ya danne reshen dama, shi ya sa bai fito ba, kuma magani zai ratsa a hankali. Bayani ne da ake iya karewa a gaban malamai. Ban juya robar na duba jijiyar hanji ba, alhali aikin bai wuce na 'yan mintoci ba. Makonni muka yi muna tura magani, kuma kullum Baba Sabo yana zaune a barandar ɗakin marasa lafiya, idan na wuce ya miƙe tsaye.

Da babban likita ya dawo ya ɗaga hoton ga haske, tambaya ɗaya ya yi mini: na duba ta wajen hanji? Aka sake ɗaukar hoto. Reshen dama na Habu daga jijiyar hanji ya taso, yana shayar da ƙarin yadda yake so. Duk maganin da na tura, lafiyayyen ɓangare ya sha.

Zuwa lokacin jikinsa ba zai ɗauki wani zagaye ba. Aka sallame shi. Ya rasu a gida kafin a yanke gero, ya bar mata da 'ya'ya uku.

Ina so in auna maganata a nan. Ban ce da na yi daidai Habu zai warke ba. Irin ciwonsa, a wancan zamani, da wuya a tashi. Kuma kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma mai yiwuwa ne ƙarin ya ja baya, zafin ya ragu, ya ƙara ganin wata damina tare da 'ya'yansa. Wannan damar ni na ɓatar, kuma na ɓatar da ita a kan abin da yayansa ya nuna mini da tsinin wuƙa.

Abin da na faɗa wa Baba Sabo a ƙofar asibiti shi ne, ciwon ya fi ƙarfin magani. Ba ƙarya ba ce. Amma rabin magana ce, kuma na san rabin da na riƙe.

Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi mini godiya.

Daga nan duk babbar Sallah sai kilishi ya iso gidana daga Maigatari, a naɗe a takarda, duk garin da aiki ya kai ni. Ranar da mahaifina ya rasu shi ya riga kowa zuwa, shi ya yanka abin sadaka, ya ƙi zama a tabarmar baƙi. Ranar sunan ɗana na fari ya zo da wuƙaƙensa ya kori mahaucin da muka kira, ya ce muddin yana raye ba wanda zai feɗe ragon sunan jikansa sai shi.

Ni kuma tun daga kan Habu ban ƙara taɓa hantar mutum ba sai na fara ɗaukar hoton jijiyar hanji da ta tumbi, na san ta ina kowane reshe ya fito. Haka na koya wa duk likitan da ya zauna a gabana. Nakan ce musu kada su tura ko ɗigon magani sai sun ga hantar duka a hoto, dama da hagu. Idan sun tambayi madogara sai in ba su sunayen littattafai. Ban taɓa ce musu mahauci ne ya fara koya mini ba. Kunyar abin da zai biyo bayan wannan magana ce ta hana ni.

Bara, bayan girbi, na shirya musamman na tafi Maigatari da niyyar faɗa masa. Na same shi a zaure, idonsa ya yi rauni, amma da jin sallamata ya gane ni.

"Wa nake ji kamar Likita? Matso in taɓa kanka. Kai, furfura! Yaro ya riga ubansa tsufa."

Muka gaisa, muka yi hirar kasuwa. Ya ce mahautan yanzu sara suke yi ba fiɗa ba. Da zauren ya rage mutane sai na gyara zama na ce, "Baba, akwai maganar Habu da na daɗe ina so mu yi."

"Habu," in ji shi. "Allah Ya jiƙansa. Ka yi masa abin da ɗa bai yi wa uba ba. Ba ranar da zan yi masa addu'a ban haɗa da kai ba." Sai ya ɗaga murya ya kira cikin gida, a kawo wa Likita fura.

Aka kawo. Na sha.

Na ce a raina zan dawo bayan azumi. Azumi ya wuce, na ce bayan damina.

Kafin in rubuta wannan na kira Hajiya Amina, babbar 'yar Habu, wadda take aure a Gagarawa. Tana ƙarama mahaifinta ya rasu, kuma a hannun Baba Sabo ta tashi. Na yi mata gaisuwa, sannan na faɗa mata komai kamar yadda na faɗa muku, ban rage ba.

Ta ce, "Baba Likita, ka zo tukuna a yi gaisuwa. Sauran maganar sai ƙannena suna zaune."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, kuma ba ni da hurumin gaggauta ta. Na nemi izininta in rubuta, ta ce in rubuta idan zai sa a yi musu addu'a. Gobe da sassafe zan kama hanya in Allah Ya yarda, in zauna a gabansu su uku in maimaita.

Wanda ya fi kowa haƙƙin jin maganar nan an binne shi kafin azahar.

Ya Allah, Ka gafarta wa Baba Sabo, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka saka masa da alherin da ya yi mini na sani da wanda ban sani ba. Ka jiƙan Habu, Ka sa ciwonsa ya zama kaffara a gare shi. Ka ba iyalansu haƙuri. Ni kuma Ka yafe mini sakacina da shiruna.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙon ya ɗaga hannu ya ambaci sunayensu biyun, Sabo da Habu. Idan da sauran wuri a addu'arku, ku roƙa mini ƙarfin bakin da zan yi magana gobe.