Irin Gyaɗar da Aka Kai Farin Dutse

Shekarar da iskar farkon damina ta yaye rufin makarantar unguwarmu, har muka koma ɗaukar darasin yaƙi da jahilci a zauren malaminmu, ita ce shekarata ta uku ina tsaron sito a wani kamfanin sayar da iri a Birnin Kudu. Na haura arba'in, kuma a lokacin na fara haɗa baƙi.

Iskar ba ta ƙyale sitonmu ba. Ta ɗaga kwano biyu ta gabas, ruwa ya zuba a kan buhunan irin gyaɗa, sai da aka kwana uku kafin a kira kafinta.

Manajanmu matashi ne mai fara'a, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya rataye wani farin allo a ofis, ya rubuta kalmomi da jan alƙalami: inganci, ɗorewa, tafiya tare, masu ruwa da tsaki, taget. A allon nan nake gwada karatuna idan na shiga shara. Kowace Litinin mukan tsaya a gabansa, kowa ya faɗi nasararsa ta mako. Doka ɗaya ce: ba a cewa abu ya lalace, ba a cewa akwai matsala. Sai dai a ce akwai ƙalubale. Direbanmu yakan ce, "Ranka ya daɗe, tayar baya ta samu ƙalubale, har iska ta fita." Mu yi dariya, manaja ma ya yi.

Ni ɗan manomi ne. Da na ji warin da ke tashi a kusurwar da ruwa ya jiƙa buhunan, na ɗebi ƙwaya ashirin na shuka a tsohon kwano a bayan sito, ina ba su ruwa. Bayan mako, huɗu suka fito. Sauran da na tono sun yi baƙi, suna narkewa a hannu.

Na kai wa manaja kwanon har teburinsa.

"Ranka ya daɗe, irin nan ya mutu."

Ya dubi kwanon, ya dube ni. "Baba, wannan ba gwajin kimiyya ba ne. Amma na gode da gudummawarka. Za mu duba da masu ruwa da tsaki."

"A dakatar da lodin?"

"Muna kan bibiya."

"To a loda ko kada a loda?"

Ya yi murmushi. "Kada mu rasa taget, Baba. Mu tafi tare."

Na fito ban san abin da aka ce mini ba. Abin da na sani shi ne bai ce a fasa ba, bai kuma ce a kai ba. Ya bar wa hannuna aikin. Washegari aka shanya gyaɗar a rana, aka zuba ta a sababbin buhuna masu kore da fari. A jikin kowanne na karanta da kaina, a hankali: ingantaccen iri.

Ni aka tura da motar zuwa Gwaram, saboda can ne dangin matata suke, an san fuskata. A Farin Dutse kawunta, dattijo mai gona uku, ya riƙe bakin buhu ya tambaye ni.

"Surukina, kai ke kwana da shi. Yana da kyau?"

Mutane shida na tsaye a bayansa suna jiran bakina. Ina tuna iyalina da aikin da ke ciyar da su. Sai na ji harshena ya ce, "Kawu, an ɗan samu ƙalubale, amma ana kan bibiya."

Ya ɗauka maganar ma'aikata ce, irin wadda ake ji a rediyo. Ya ce, "Tunda kai ka kawo." Makon nan ya kai tsohon irinsa, wanda ya gada daga mahaifinsa, aka matse mai.

Ruwa ya zauna, aka yi shuka. Kwana goma sha biyu ina tsoron ƙarar waya. Ranar da na koma Farin Dutse, kunyoyin suna nan a share, tsiro ɗaya nan, ɗaya can nesa. Kawu yana tsugune yana tono da yatsa. Bai zage ni ba. Ya miƙo mini abin da ya tono, na karɓa.

A taron Litinin manaja ya ce an koyi darasi, kuma za a ƙarfafa sadarwa da manoma. Aka tafa. Ni ma na tafa. A wata na gaba aka ba ni takarda, na karanta ta ba tare da taimakon kowa ba: kamfani yana sake fasali, yana gode mini.

Gonaki tara ne ba su ba da gyaɗa ba a shekarar, uku na kawu. Gida bakwai ba su samu harawar dabbobi ba, kawu ya rabu da shanun nomansa biyu kafin rani ya raba. Tsohon irinsa babu ko ƙwaya. Aikina na shekara uku ya tafi. Matata ta yi sallah biyu ba ta je gida ba.