Takardar da Ta Zo Neman Sirajuddeen

In ka shiga unguwar Barade a Jalingo kana cigiyar gidan su Sirajuddeen, to ka shirya shan rana. Mai kanti zai ɗaga kai ya yi ta tunani, mai faci ya ce ka gwada Sintali. Amma ka ce Manga direban jirgi, nan take hannu biyar za su nuna maka ƙofar nan mai koren fenti da ke gindin darbejiya. Mutum ɗaya ne kuwa.

Shi ne ɗan fari a ɗakin Dada Asta, Bafulatana mai riƙon kunya irin ta mutanen da. Ranar suna liman ya faɗi Sirajuddeen sau ɗaya, daga nan sunan ya shige takardun makaranta ya yi kwanciyarsa. Kakarsa ce ta sa masa Manga, unguwa ta ɗauka. Ita kuwa Dada ko Mangan ba ya fita a bakinta. "Wancan ya ci abinci?" take cewa. In baƙuwa ta tambaye ta ko ita ta haife shi, sai ta kau da kai ta shiga gyaran ɗankwali. Da ya yi aure, matarsa Bushra ta shigo ta tarar da tsari, ita ma ta bi: Baban Hamna. Ka ga gida guda ke nan babu mai kiran mutum da sunan da ke jikin lasisinsa.

Yadda ɗan masu shanu ya zama matuƙin jirgi, labari ne mai tsawo. A taƙaice dai kansa na ja a lissafi, ya yi karatun tuƙi a Zariya, ya zauna shekara huɗu da lasisi a aljihu babu aiki, har wani ƙaramin kamfani mai jirage huɗu ya ɗauke shi mataimakin matuƙi. Suna yin Abuja, Jalingo, Yola, su juyo. Mutanen gari Kyaftin suke ce masa. Ya gaji da bayanin cewa kujerar dama yake zama, kyaftin na hagu, ya ƙyale su.

Dada ba ta taɓa zuwa filin jirgi ba, ba ta kuma taɓa tambayarsa yadda sama take ba. Bushra ce ta tsegunta masa wani abu. Duk Litinin da Laraba da Juma'a, wajen sha ɗaya na safe, lokacin da jirginsu ke saukowa ta kan gari, sai tsohuwa ta tuna tana da shanya. Ta fito tsakar gida da faifan kuɓewa ko barkono, ta yi ta baza shi da yatsu, ba ta ɗaga kai ba, har ƙarar ta wuce. Manga ya yi dariya, bai kuma taɓa nuna mata ya sani ba.

Sai shekarar korona ta zo, aka ajiye jirage. Kamfani ya tara matuƙa ya ce ba zai iya riƙe kowa da kowa ba. A wannan sana'a komai da lamba ake yi, bisa ranar da aka ɗauke ka, kuma daga ƙasa ake fara sallama. Manga na sha bakwai ne. Abokinsa Timoti, mutumin Zing da suka yi Zariya tare, na sha takwas, don da kwana biyu kacal Manga ya riga shi shiga. An riƙe goma, sauran aka ce su je gida.

Amma ƙungiyar matuƙa ta tsaya sai da aka rubuta yarjejeniya. In aiki ya dawo, ba za a ɗauki baƙo ba sai an kira su bi da bi, har tsawon shekara uku. Kiran kuwa da takarda ne, a kai ta hannu da hannu adireshin da ka bari. Daga ranar da aka fara kai ta kana da kwana goma sha huɗu ka sa hannu ka mayar. In aka ji shiru, sai a goge sunanka a wuce ga na bayanka. Manga ya cike fam, ya rubuta sunansa na takarda, ya kwatanta ƙofa mai koren fenti, ya kwaso kayansa ya dawo gida.

Bai zauna jiran sama ba. Akwai fadamar mahaifinsa marigayi can bayan ƙauyen Kona, ya shiga noman shinkafa. Shekarar farko manoma sun sha dariya, ganin mutum na shiga taɓo da agogo mai fuska uku. Daga baya suka gano amfaninsa. "Kyaftin, a watsa taki yau ko a bari?" Sai ya tsaya ya dubi hadari, ya lura da inda iska ke kaɗa ganye, ya ce a bari sai gobe, wannan kafin la'asar zai zubo. Yakan dace fiye da yadda yake kuskure. Kowace shekara kuma sai ya tafi gwajin likita da na sabunta lasisi, ya dawo ya ci gaba da cirar ciyawa. A fadamar nan ne tsohuwar wayarsa ta faɗa ruwa. Ya yi sabon layi, ya ba Timoti lamba, ya ba 'yan'uwa, ofis ne kawai bai tuna ya gaya wa ba.

Wata Alhamis a ƙarshen damina ta uku, shinkafa ta fara nuna, yana tsaye yana korar tsuntsaye, waya ta yi ƙara.

"Siraj, kana raye kuwa?" in ji Timoti. Shi kaɗai ke kiransa haka.

"Ina nan ina tuƙa jan-baki. Sun fi fasinja jin magana."

"Bar wasa, mutumina. Yanzu ofis suka kira ni. Sun dawo da jirgi ɗaya, layi ya zo kanka. Yau kwana goma sha uku da kai maka takarda. An ce in gobe sha biyu ta yi ba su ga sa hannunka ba, in shirya, kujerar tawa ce."

Manga ya daina korar tsuntsayen. Ya san Timoti kaji yake kiwo a bayan gida, da 'ya'ya uku a makaranta.

"To kai me ya sa ka kira ni?"

"In na hau kujerarka ta wannan hanya, duk saukar da zan yi sai na ji kamar taya ta fashe. Sha bakwai kafin sha takwas, haka malamin lissafi ya ce. Tashi ka nemi takardarka, bafulatanin banza."

Ya buga wa ofis waya daga nan inda yake. Matar da ta ɗauka ta yi masa magana da ladabi, amma ta ce ba ta da iko. Fam ɗin da ke cikin ambulan shi ne mai lamba da hatimi, shi ƙungiya ta amince da shi. Ba ta ma san wane kamfanin aike aka ba ba, mai kula da wannan ya fita.

Ya hau babur ya nufo gida. Bushra na makarantar da take koyarwa a Sintali, Dada ce kaɗai a tsakar gida tana yanka kuɓewa. Ya tsaya daga nesa kamar yadda ya saba, ya gaishe ta, ya yi maganarsa yana duban randa.

"Ko wani ya kawo takarda gidan nan kwanan baya? Ta wurin aiki ce. In ba a same ta yau ba, aikin ya tafi ke nan."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ya ɗan jira, ya ɗauka shirun nan ne da ya sani tun yana yaro, ya juya ya tada babur.

Ya fara da gidan waya, babu. Ya bi ofisoshin masu kai saƙo ɗaya bayan ɗaya, wani a rufe, wani ya sa shi jira rabin awa kafin a ce ba su ba ne. Sai bayan azahar ya isa na ƙarshe, wani ɗan shago kusa da tasha. Wata mata mai tabarau, an rubuta Cynthia a ƙirjin rigarta, ta buɗe littafi ta bi da yatsa. Hausarta ba ta raba mace da namiji.

"Sirajuddeen Hammanjoda. E, mu ne. Mai babur namu ya je sau biyu. Ya samu mama ɗaya, ya ce nan ne gidan Sirajuddeen? Shiru. Ya ce ke ne maman shi, ki sa hannu? Mama ya juya baya. Ya tambayi mai kanti, mai kanti ya rantse shekara shida yana wurin bai taɓa jin sunan ba. To mun rubuta ba a san shi ba. Kayan da ba a karɓa ba, motar Legas ta kwashe tun sha biyu."

Manga ya dafa teburin shagon. Abin mamaki, ba fushi ya ji ba. Hoton kawai yake gani: baƙo tsaye a zaure yana kiran sunan da ƙarfi, yana tambayar Dada abin da ko ƙawayenta ba sa tambayarta. Laifin wa? Shi ya rubuta sunan, shi ya san gidan da ya aika a kai.

"Tsaya, oga, ban gama ba," in ji Cynthia. "Naka bai tafi ba. An karɓa."

"Wa ya karɓa?"

"Maman nan ɗin! Sha ɗaya da rabi ya sauka a keke, da ɗan katin da mai babur ya bari a ƙofa, an naɗe shi a bakin zane. Na ce mama, doka ne, sai kin faɗa sunan mai kaya da abin da kike da shi. Ya ce na yaron gidanmu ne. Na ce wane yaro? Ya ce babban. Na ce mama, ni ba na ba da kaya wa babban. Direba yana ta hon, buhu yana hannuna. Sai ya rufe baki da mayafi, ya duba ƙasa." Cynthia ta rage murya tana kwaikwayo. "Ya ce, Sirajuddeen. Ɗana ne. Na fari."

Ta juyo masa da littafin. Ga dangwalen babban yatsa, shuɗi, ya ɗan karkace.

"Ni ban gane ba," ta ce. "Sunan ɗanta ne fa. Sai ka ce na sa shi ya ɗaga buhun siminti."

"Ya fi siminti," in ji Manga. Ya yi mata godiya ya fita. Ya daɗe zaune a kan babur bai tada shi ba. Shekara talatin da takwas, sau ɗaya ta faɗa, shi kuma ba ya wurin.

Da ya koma gida ya tarar an ajiye masa tuwo a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, an rufe da faifai. Ambulan na ƙarƙashin kwanon. Dada na can gefe ta ba shi baya, tana baza kuɓewarta.

"Wata takarda ce aka ce ta mutanen gidan nan ce," ta faɗa wa kuɓewar.

"Wanda ya wahala ya karɓo, Allah ya saka masa da alheri," ya faɗa wa randa.

"Tuwon zai huce."

Bai taɓa tuwon ba sai da ya sa hannu. Ya ɗauki hoton fam ɗin ya tura, ya koma wurin Cynthia ya aika na ainihin, ofis suka amsa cewa ya shiga cikin lokaci. A sabon fam ɗin adireshi ya rubuta sabuwar lambarsa, a ƙasa kuma ya ƙara da manyan baƙaƙe: a tambayi Manga. Timoti ya ci gaba da kajinsa wata biyar kafin layi ya zo kansa, kuma har yau in sun haɗu a Abuja Manga ne ke sayen shayi.

Shinkafar shekarar, manoman Kona ne suka yanke masa, yana can ana sake horar da shi. Ranar wata Laraba ya fara saukowa Jalingo. Da yamma Bushra ta kira shi tana dariya.

"Baban Hamna, yau fa babu abin shanya a gidan nan, komai ya bushe an ɗaure. Sha ɗaya saura kaɗan sai ga Dada ta kwance ƙullin busasshiyar kuɓewa ta zuba a faifai."

"Ta ɗaga kai?"

"Ina fa. Amma sai da ƙarar ta ɓace sarai ta koma ɗaki."