Wutar da Ke Kwana a Toka

Ina yarinya a ƙauyen Kashin Zama, Nasara bai daɗe da shigowa ba, ashana kuwa sai dai labarinta a bakin masu zuwa kasuwar Jega. Wuta in ta mutu, ta mutu. Shi ya sa kakata, Inna Hassi, ba ta barin murhu bayan isha'i sai ta binne garwashi. A nan take mana tatsuniya, tana jan toka da ɗan kara.

"Ga ta nan tafe," in ji ta. "Mai gyangyaɗi shi tashi shi ba mu wuri."

Wai an tafka ruwan sama, wutar gari duk ta mutu sai ta wani attajiri. Ga wata Lami tana jego, ba ruwan zafin wanka, jiki ya soma kumbura. Uwarta ta ɗauki kasko ta nufi gidansa. Ya ce, "Ku da ba ku tara itace ba, ku tahi ku hura toka." Ya ƙara labta gumagumai don a hango hasken daga nesa.

Tana komowa da kuka ta gamu da Bafulatana mai tallar nono. Matar ta ja ta zuwa rugarsu, ta ɗaga wata fasasshiyar tukunya, sai ga busasshen kashin shanu yana ci a hankali tun kafin ruwan. Da shi aka dafa ruwan Lami, kasko ya bi gida-gida, kowa ya binne nasa. Gari na wayewa itacen attajiri ya ƙare, tokarsa ta huce. Sai ga shi da kasko.

"An ba shi?" na tambaya.

"An ba shi mana, sakarya. Amma sai da mai jego ta yi wanka."

Na tsufa a Jega, na ga lantarki. Waya ta tsallake unguwarmu ta sauka gidajen manya. Na ce wa masu kafa turakun, "Ina kuke aje ta ta kwana? Wa ka ɗiba?" Suka yi mini dariya. Ban daina binne garwashi ba.

Wata damina aka ɗauke wutar, ashana ta jiƙe. Da asuba matar wani Alhaji ta yi sallama da kasko, ɗiyarta na jego. Na tone toka, garwashi ja wur. Na ba ta, har da na gobe. Amma sai da ta tsaya na sallami matar wani mai wanki da ta zo ɗibar wuta, don ita ta riga zuwa.