Abin da Sakiya Ta Yi wa Gwiwata

Assalamu alaikum. Wata goma sha huɗu rabona da in rubuta komi a nan. Wasu sun ce na canza lamba, wasu sun ce girman kan jami'a ne ya kama ni. Ba ko ɗaya, kwance nike.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan wani ƙauye ne a gefen Garhanga. Ina shekara ta biyu a Yamai, ina karatun malamin motsa jiki, mushen wasanni kamar yadda ake cewa a gida. Karatunmu rabi a aji ne, rabi a fili. In ba ka iya gudu da tsalle gaban malamai ba, ko ka haɗiye littafin duka ba ka wucewa.

A ramin tsalle na faɗi a kan gwiwar dama. Ta kumbura, na ɗaure ta da bandeji na yi shiru, don egizame, wato jarrabawa, ya matso. Na yi shi ina cizon leɓe.

Ko da na iso gida hutu, gwiwar ta yi kamar ƙaramar ƙwarya.

A gidanmu akwai labarin da kowa ya haddace. Kakana, wanda ban riska ba, ɗan kokowa ne tun zamanin Nasara. Gwiwarshi ta taɓa kumbura, anka yi mishi sakiya, wato anka gasa ƙarfe anka huda wurin ruwa ya fita, ya tashi ya koma shina kada maza. Don haka Baba bai yi shawara da kowa ba, ya kira wanzami.

Ga abin da ya fi cina har yau. Ni na zana gwiwa da hannuna a aji, na san gaɓa ba wurin da ake hudawa ba ce. Amma maza sun cika zaure, ina tsoron a ce boko ya maida jikan ɗan kokowa raggo. Na miƙa ƙafa na kau da kai.

Kwana huɗu bayan nan zazzaɓi ya rufe ni, wurin ya fara wari. A amalanke anka kai ni bakin hanya, mota ta ɗauke mu zuwa asibiti wajen Madawa.

Anka ɗibi jini, anka yi hoton ƙashi, anka zuƙo mugunya da allura. Likita ya tambayi wanda ya huda nan. Baba ya dubi ƙasa. Ni ko tambayata ɗaya, ko zan sake gudu.

"Bari mu tsirar da ƙafar tukuna," in ji likita. "Zancen gudu, kar ka tambaye ni yanzu."

Sau biyu anka shiga da ni tiyata. Kullum da safe wankin ciwo, sai allura, sai ruwa a jijiya. Bijimin huɗarmu a kan maganin nan ya tafi.

Damina ce, kowa shina gona. Inna na zuwa ranar kasuwa ta koma kafin la'asar. Baba kuwa tun ranar farko bai sake leƙowa ba. Na ce a raina kunyata yake ji, ko haushin bijimi.

Wallahi kaɗaici ya fi ciwon zafi. Abokan karatu sun kira sati na farko, daga nan shiru. Anka koma makaranta, ina ganin hotunansu a waya cikin rigar wasa, an cike gurbina a layi. Na daina buɗewa. Mutum ne da ya saba zagaya fili sau goma kafin kalaci, yau sai an kama shi zuwa bayi. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki na komo gida da sanduna, gwiwa ta sandare.

A tsakar gida na iske dogayen itace biyu an kafa a kan gwafanni, daidai ƙugu, an kankare su sumul. Ashe Inna ce ta kwatanta wa Baba ƙarafan da ake koya mini tafiya a asibiti, shi ko ya shiga daji ya saro.

Kullum da hantsi sai ya zauna kan turmi da carbi, ina dafe da itacen ina kai da komo, shina ja ɗaya ɗaya. In na ce na gaji sai ya nuna mini abin da ya rage.

Daga itace na koma zagayen danga, daga nan masussuka. Watan jiya na yi sassarfa na zagaya filin ƙwallon lakkwal, makarantar ƙauyenmu, sau uku, shina tsaye a gefe da carbinshi. Da na tsaya ina haki, ya matso.

"Hamidu, kakanka bai sake kokowa ba bayan sakiyar nan," ya ce. "Da ɗingishi ya mutu. Mu ne ba mu son faɗi."

Sai ya juya ya yi gida, ban ga fuskarshi ba.

Likita ya ba ni takardar komawa. Zan maimaita shekara ta biyu tunda ban ci egizamen nan ba, waɗanda munka fara tare su riga ni fita. Gwiwar ba ta lanƙwashewa duka, kuma ban san ko tsallena zai kai yadda ake so ba. Zan dai tsaya a layi.

Na gode wa Allah, na gode wa likitocin da sunka riƙe ni, da Inna, da Baba.

'Yan fili 'yan uwana, in gaɓa ta kumbura ku nuna tun ranar, egizame na dawowa. Kar a huda, kar a tsaga, ko wa ya ce. In abokinku ya kwanta, ku kira shi har a wata na uku. Kuma in kun san abu ba daidai ba ne ku buɗe baki, ko da zaure cike yake da manya. Ni na sani, na yi shiru.