Tsuntsun da Na Tsaya Wa a Shagon Halliru

Halliru ɗan Garu ne, amma tun yana saurayi ya bar gona ya shigo Illela. Na fara saninsa yana sayar da kaset a faranti, bakin tashar masu zuwa Ƙonni. Ina koyarwa a firamare a lokacin, nakan tsaya wurinsa in sayi batir. Kaset ya wuce, faifan sidi ya zo ya wuce, Halliru yana nan. Yanzu yana da shago mai ƙofar kwano, da benci, da kwamfuta guda. Aikinsa turi: ka kawo waya ko memori, ya tura maka fim, ko waƙa, ko wa'azi, ko wasan ƙwallo.

Ban taɓa jin ya kira sana'arsa sata ba. Duk ranar da aka yi maganar satar fasaha a rediyo, sai ya ƙara sauti ya dube ni. "Baba Ticha, ka ji su. Shinkafa ta ƙetaro, mai ya ƙetare, sai fim za a tsayar a kan iyaka?" Nakan ce masa masu yin fim ma suna da iyali. Sai ya ce ya sani, ya ci gaba da aikinsa.

Amma ban ga mutum mai zargin na'ura kamarsa ba. Ya liƙe idon kwamfutarsa da salatif tun da ya ji an ce ana leƙen mutane ta nan. Idan za a yi magana mai nauyi, yakan sa waya a aljihun rigar da ke rataye a waje. Manhajar da ke tafiyar da kwamfutar kuwa fasasshiya ce, wato an karya makullinta, ba a saya a hannun masu ita ba. Wani Sufyanu ne ya sa masa a Sakkwato. Wannan bai dame shi ba, hasali ma shi ya kwantar masa da hankali. "Na san inda tat fito," in ji shi. "Wani ya ɗauko, ya ba Sufyanu, Sufyanu ya ba ni. Kowa na da fuska."

A cikin kwamfutar akwai ajiyar da ba ta sayarwa ba ce. Masu ɗaukar bidiyon biki, da suna, da saukar karatu, wurinsa suke kawowa ya zuba wa masu sha'ani a memori, shi kuma ya riƙe kwafi. Wayar wani ta faɗa rijiya, ta wani an ɗauke a kasuwa, sai su dawo wurin Halliru, ya ba su fuskokin mutanensu. Da yawan waɗannan fuskoki suna ƙasa yanzu, ba su rage ko'ina ba sai a shagon.

Bayan daminar bara kwamfutar ta ƙi tashi. Ya kunna, ta nuna shuɗin allo, ta mutu. Ya buga wa Sufyanu waya, Sufyanu ya ce magani ɗaya ne, a wanke ta tas a sake zubi. Wankewa kuwa na nufin ajiyar ta tafi. Halliru ya rufe shago, ya zauna a benci yana korar masu zuwa turi.

Ana cikin haka 'yarsa Shahida ta zo hutu. Karatun kwamfuta take yi a Sakkwato. Ina zaune a bencin ta fito da wani ɗan memori mai hoton tsuntsu, baƙi da fari, a tsaye kamar mutum. Ta ce a ciki akwai wata manhaja, za a iya tayar da kwamfutar da ita, a kwashe ajiyar ba tare da an wanke komai ba.

"Wa af fasa ta?" in ji Halliru.

"Ba a fasa ta ba, Baba. Kyauta ake ba da ita."

"Kyauta? Mi sunka gani gare ni?"

"Ba su ma san ka ba. Mutane ne daga ƙasashe da yawa suke haɗuwa su gina ta, kamar gayya."

"Gayya ana ba da tuwo. Wa ka ba su tuwo?"

Shahida ta ce kowa na iya buɗe cikinta ya ga abin da aka rubuta, ba a ɓoye komai ba.

"Ke kin duba?"

"Ba duka ba."

"To."

Ya mayar mata da memorin da yatsu biyu. Ya ce abin da ya shigo kyauta, da wani abu zai fita, kuma abin da ke ciki amanar mutane ce. Ta ce in an bar na'urar haka, abin da ya ci rabi zai cinye sauran. Ya ce ya ji. Sannan ya kawo dokar da ya sani. A kasuwar shanu ta Illela, baƙon da ya kawo dabba ba ya sayarwa sai wani ɗan gari ya tsaya masa, don in saniyar ta sata ce a san wanda za a kama. Ya ce tsuntsun nan baƙo ne, sai an tsaya masa.

"Ni na tsaya masa," in ji Shahida.

"Ɗiya ba ta tsaya wa baƙo gaban ubanta." Ya juyo gare ni. "Baba Ticha, kai kaz zauna da Turawa. Ka san halinsu."

Na san kaɗan. A makarantar mishan aka ba ni allon rubutu, da alli, da madarar gari, da maganin zazzaɓi, duk kyauta. Rubutun hannu da suka koya mana har yau ba na jin kunyarsa, kuma ina kewar tsarin wurin, yadda ake buga ƙararrawa kowa ya san inda zai tsaya. Amma kowace safiya akwai waƙoƙin coci da ake so mu rera. Mahaifina ya ce in ɗauki baƙaƙen in bar sauran. Na yi haka. Wasu abokaina sun tafi da sauran. Saboda haka ban ga wautar Halliru ba. Sai dai marigayiya matata, Hadijatu, tana cikin wannan na'ura, ranar sunan jikarmu, tana yi wa masu girki faɗa a kan tukunya. Ba ni da muryarta a wani wuri.

Na ce wa Shahida, "Ke amaryata, in aka cire masa intanet, tsuntsun naki zai iya aika wani abu waje?"

"Tsoho, ko kai in an ƙwace maka sanda ina za ka?"

"Ban tambaye ki rashin kunya ba."

"Ba zai iya ba."

Na tsaya masa, da sharaɗin a cire duk hanyar fita. Halliru ya zare abin intanet ya sa a aljihu, ya kwashe wayoyinmu uku ya kai wa mai shayi ajiya. Ya sa aka rufe ƙofa rabi. Shahida ta soka memorin. Kwamfutar ta yi rubuce-rubuce farare a kan baƙi, Halliru yana tambaya ko da wa take magana. Can sai ga ajiyar, jere kamar yadda ya bar ta. Halliru ya matso kusa. Ya buɗe ta farko, ya rufe, ya buɗe ta biyu. Ta Hadijatu ma tana nan. Aka yini ana kwashewa zuwa wani sabon ma'aji.

Wajen la'asar aka tarar da ɓarna. Bidiyon wasu bukukuwa na ƙauyen Darna ya ƙi buɗuwa, ciki har da auren 'yar wani dattijo, wadda ta rasu wajen haihuwa. Shahida ta ce wurin ya lalace tun kafin ta zo, mai yiwuwa ma ta fasasshiyar manhajar cutar ta shiga. Halliru ya ce Sufyanu bai taɓa cin amanarsa ba. Bai ce tsuntsun ne ya ci ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Ya dube ni kawai.

"Baba Ticha, kai kat tsaya mishi."

Ban musa ba, domin haka dokar take. Halliru ya sa aka mayar masa da fasasshiyar manhajarsa, ya ci gaba da turi. Memorin tsuntsun kuwa ya ƙi yarda ya kwana a shagonsa, yana gidana cikin gwangwanin madara. Ni kuma da safe na sa farar rigata, na hau bayan ɗan kabu-kabu zuwa Darna. Na sami dattijon a ƙofar gida yana gyaran fartanya. Muka gaisa, ya shimfiɗa mini tabarma. Na gaya masa hoton auren 'yarsa ya ɓata, kuma ni ne na tsaya wa abin da aka yi aikin da shi.

Ya ci gaba da gyaran fartanyarsa. Da ya ɗago sai ya ce, "Malam, shi mai abin, kun san gidansu?"

Na ce ban sani ba.