Ranar da Na Ƙi Sa Hannu a Takardar Yayana

Mun tashi da asuba daga unguwar Ardwick a Manchester, ni da ƙaramin akwatina, direban tasi yana ta hamma. Jirgin ƙasa na hau zuwa Birmingham don in ɗauko yayana a unguwar Sparkbrook. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi ya tsaya na gama karatun likita, kuma shi ya ce lallai sai mun je Svalbard, can ƙarshen arewacin Norway, mun ga ƙanƙara kafin ta narke. Na same shi da jakunkuna uku da gwangwanin yaji, kamar mai ƙaura.

Jirgin sama biyu muka hau kafin mu isa. Garin da muka sauka ƙarami ne, babu bishiya ko ɗaya, kuɗin kofin shayi kuwa sai ya saya maka farantin shinkafa da kaza a Stratford Road ta Birmingham. Rana ba ta faɗuwa a wannan lokacin, don haka da agogon Manchester muka riƙa salla. Kifi safe, kifi rana. A kwana na biyu na daina yi wa gwangwanin yajin dariya.

Daga nan muka shiga jirgin ruwa. Jagorarmu wata matashiya ce 'yar ƙasar, mai magana a hankali. Kullum kafin mu sauka sai an goge mana takalma da buroshi, kada mu kai wa wurin ƙwayar ciyawar da ba tasa ba. Ba a ɗaukar ko tsakuwa. Ba a taka gansakuka, domin ta ce sawu ɗaya yakan yi shekaru bai ɓace ba. Yaya ya ce ko a filin jirgi ba a taɓa bincikarsa haka ba.

A kwana na huɗu aka sauke mu da kwalekwale a wata gaɓar teku inda wasu manyan dabbobi ke kwance, kamar dorina amma da haure biyu, da 'ya'yansu a tsakiya. Jagora ta ja layi a yashi ta ce nan za mu tsaya. Idan suka firgita, in ji ta, rububin komawa ruwa suke yi, manya su danne ƙanana har lahira.

Nan fa aka fara gunaguni. Wani Bature ya ce bai ƙetaro duniya don ya hango ɗigo ba. Yaya ya ɗaga waya sama don ɗaukar hoto, ya ɗaga ƙafa zai tsallake layin. Ban san lokacin da na sha gabansa ba.

“Ke, matsa min,” ya ce.

“Yaya, wallahi ba zan matsa ba.”

Tunda nake ban taɓa ce masa a'a ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya juya ya koma kwalekwale.

Da la'asar aka zagayo da takardar komplen, wai jagora ta ɓata wa fasinjoji tafiya. Aikinta na kakar yawon buɗe ido ɗaya ne, irin wannan takarda ta isa a ƙi sake ɗaukarta. Yaya ne da kansa ya miƙo min biro. Na mayar masa. Na nemi wata takarda, na zauna a gabansu na rubuta abin da idona ya gani, na sa sunana, na kai wa kyaftin da hannuna. Wata tsohuwa mai sanda ta biyo ni ta sa nata. Mu biyu ke nan.

Har muka sauka Birmingham bai ce min uffan ba. Matarsa ta ja ni kicin ta ce in ba shi haƙuri, ai babba ne. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa godiyar tafiya, amma haƙurin ban bayar ba. Na kama jirgin Manchester ni kaɗai.

Masu turo min saƙo cewa hotunana sun yi nisa, ba a ganin komai, gaskiyarku ne. Abin da na koyo shi ne, wurin ba namu ba ne, kuma tikiti bai mai da shi namu ba. Yaya har yau bai kira ba. Ni ina kiransa duk Juma'a, yana ɗauka, mu gaisa a taƙaice. Idan aka sake ja wannan layin, a nan zai sake samuna.