Irin Kajin Inna

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Yau ƙarar kaina zan kawo.

Da aka kawo ni aure Gusau, Inna mahaifiyata ta haɗo ni da kaji uku da zakara daga 'Yankuzo. Irin gidanmu ne tun kakarta: jajaye, masu faɗin ƙirji, in ka ɗaga ɗaya sai hannunka ya shaida. Kaza ba ta kwanci sai ƙwanta ya cika ƙwarya. Inna ta ce, "Zakaran da ya fi girma na gida ne. Ƙananan ake yankawa."

Na ce to.

Amma ni a lokacin yabo nake so. Maigidana direban lori ne, danginsa na Bungudu ba sa yankewa, kuma duk wanda ya sauka, babban nake nunawa a yanka. Kaza mai yawan ƙwai ma, da ta yi ƙiba sai tukunya. Waɗanda nake jin kunyar sa wa baƙo, su suka rage, su suka yi ta hayayyafa. Kafin shekara biyar kajina sun koma kamar tantabaru, ƙwai shida kaza ta kwanta.

Shekarar babban fari ciwo ya share kajin Inna kaf. Ta aiko in mayar mata da iri.

Na shiga kasuwa na zaɓo jajaye manya, na kai mata da kaina. Ta auna su a hannu, ta ce, "Kin riƙe amana." Na ci tuwonta na dawo gida.

Bayan damina na koma. 'Yan tsaki sun tasa, wannan fari, wancan wake-wake, dogayen ƙafafu ba nama. Inna tana watsa musu dawa, ba ta dube ni ba.

"'Yar nan, gidanmu an taɓa yin farar kaza?"

"A'a, Inna."

"Da ƙananan naki kika kawo, da sannu na tashe su. Jinin yana jikinsu. Suna nan?"

Ba sa nan. Makon da na kai mata na kasuwa na yanyanke su, don kada ta zo ta gani.

Inna ta ci gaba da kiwon na kasuwa har ta rasu, ba ta sake tayar da maganar ba. Maigidana ya bar tuƙi ya koma noma a Bungudu, Allah ya ɗauke shi yana yabon karamcina. Ni kuwa ga ni. Har yau in na ga jar kaza a gidan mutane sai na roƙa a bar ni in ɗaga ta. Ban sake jin wannan nauyin ba.